Finafinan Cainis Da Samarinmu: Waiwaye Kan Zamanin Bruce Lee A Ƙasar Batsari Da Safana

Gabatarwa

  

Lokacin da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu na tarihi, na san abin da mafi yawa za su yi tsammani shi ne labarin sarauta, ko yaƙe-yaƙen da aka gwabza a ƙasar Ruma kafin zuwan Turawa. Sai na zaɓi wani abu da wasu za su ga bai dace da furfura ba, wato finafinan faɗa na ƙasar Sin, waɗanda muka fi sani da finafinan Cainis. Dalilina shi ne, tarihin al'umma ya haɗa har da abin da ya cika zukatan samarinta a wani zamani. Duk ɗan Batsari ko Safana da ya yi ƙuruciya tsakanin 1975 da 2000, in dai namiji ne, da wuya a ce bai taɓa ɗaga ƙafa sama ya yi kururuwa irin ta Bruce Lee ba. Cikin masu karanta wannan shafi akwai likitoci da alƙalai da manyan jami'an tsaro da suka yi hakan a gabana a filin makaranta. Ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya ja mu ga waɗannan finafinai, da abin da muka ɗauka a cikinsu, da kuma abin da muka bari.

Yadda Kallo Ya Fara A Ƙasar Hausa

Kallon farko da iyayenmu suka sani shi ne majigi. Tun zamanin En'e, mota kan zo daga Katsina ko Kaduna ta tsaya a ƙofar gidan hakimi ko a filin makaranta, a kafa farin ƙyalle, bayan sallar isha'i gari ya taru. Abin da ake nunawa duk na faɗakarwa ne: tsabta, rigakafi, sa yara makaranta, da kyautata noma, irin fim ɗin Baban Larai da dattawa ke tunawa har yau. Majigi kallon hukuma ne, kyauta ne, kuma a gaban manya ake yin sa, saboda haka ba a ɗauke shi abin kunya ba.

Sinima kuwa daban take. Ta 'yan kasuwa ce, galibi Kwarori, kuma a birni take. A Kano an buɗe sinimar Rex a 1937, sannan wasu suka biyo baya. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum sama da 300 suka rasu, kuma jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara cewa wurin ba na alheri ba ne. Wannan tabo ya daɗe yana bin sinima. A ƙasarmu, in aka ce yaro ya zama ɗan sinima, to ana nufin ya fara lalacewa.

Finafinan Turawa na kaboyi ne suka fara cin kasuwa, daga baya na Indiya suka karɓe ta. Wani masani mai suna Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa a lokacin sinimomi kan nuna fim ɗin Indiya dare biyar a mako, su bar dare ɗaya ga na Amurka, ɗaya ga na Hong Kong. Ke nan rabon Cainis bai fi dare ɗaya ba. Amma wannan dare na samari ne zalla, kuma abin da aka kalla a cikinsa shi ake kwaikwayo a unguwa har mako ya zagayo.

Asalin Waɗannan Finafinai

Mafi yawan finafinan da muke kira Cainis a Hong Kong aka yi su, wani tsibiri da gaɓar teku a kudancin ƙasar Sin da Ingila ta mallaka tun shekarun 1840, ba ta mayar ba sai 1997. Akwai wata alaƙa tsakaninmu da wannan wuri da ba kowa ya sani ba. Lugga, wanda ya jagoranci cin ƙasar Hausa a 1903, shi aka tura ya zama Gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, kafin ya dawo ya haɗa Kudu da Arewa a 1914. Mu da mutanen da suka shirya waɗannan finafinai ubangida ɗaya muka yi.

Tun 1949 aka fara finafinai a kan wani gwarzo na gaske mai suna Wong Fei-hung, wanda ya rayu daga 1847 zuwa 1925. Malamin faɗa ne, kuma mai magani ne da ya ƙware wajen ɗori. Ɗan wasa Kwan Tak-hing ya fito a matsayinsa a finafinai fiye da 70, kullum a siffar dattijo mai haƙuri da ba ya ɗaga hannu sai tura ta kai bango. A 1958 aka kafa kamfanin Shaw Brothers a ƙarƙashin Run Run Shaw, wanda ya yi ɗaruruwan finafinai. Daga nan Jimmy Wang Yu ya fito, wanda muke kira Wanyu, da fim ɗinsa One-Armed Swordsman na 1967, labarin mai hannu ɗaya da ya gagari masu hannu biyu, da kuma The Chinese Boxer na 1970, wanda ya mayar da hankalin masu kallo daga takobi zuwa tsurar hannu.

A 1970 Raymond Chow ya bar Shaw Brothers ya kafa Golden Harvest, shi ne kuma ya ɗauko Bruce Lee. An haifi Bruce Lee a San Francisco ta Amurka a 1940, ya tashi a Hong Kong, ya koyi faɗa a hannun wani malami mai suna Ip Man. Manyan finafinan da ya kammala huɗu ne kacal: The Big Boss a 1971, Fist of Fury da Way of the Dragon a 1972, sai Enter the Dragon a 1973. Ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32, sakamakon kumburin ƙwaƙwalwa bayan ya sha wani maganin ciwon kai. Wato a lokacin da yawancinmu muka fara ganinsa, ya riga ya kwanta dama. Mu kuwa a majalisunmu mun yi ta musu, wasu na cewa guba aka sa masa don ya tona asirin malamai, wasu na rantsuwa yana nan da rai. Abin da ya ƙara rikita mu shi ne, bayan rasuwarsa 'yan kasuwar fim sun fito da masu kama da shi, irin su Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee, muka yi ta biyan kuɗi muna kallon jabu ba mu sani ba.

A 1978 aka samu sabon salo. Jackie Chan ya fito a Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master, inda ya haɗa faɗa da barkwanci. A shekarar ce kuma Lau Kar-leung ya shirya The 36th Chamber of Shaolin, wanda zan dawo kansa a gaba. A 1982 Jet Li ya bayyana a Shaolin Temple, wanda aka ɗauka a cikin ƙasar Sin kanta.

Yadda Suka Iso Gare Mu

Waɗanda suka fara kawo labarin Cainis garuruwanmu su ne 'yan makarantun kwana da direbobi da yaran mota da 'yan ci-rani. Ni kaina a 1977 na fara kallo, ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, a zamanin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sa gwamnati ke ɗibar yara irinmu tana ba su alawus don su zama malamai. Wani yayana ne ya ja ni sinima a Katsina lokacin hutu, muka shiga muna waige-waige kada wani ɗan garinmu ya gan mu. Wurin ba rufi, taurari na samanmu, mu masu ƙaramin tikiti muna kan benci a gaba. Ba mu jin abin da ake faɗa, amma babu wanda ya buƙaci tafinta. Da fim ya fara an san akta, an san bos, an san masta. In akta ya tuɓe riga, sai wurin ya kaure da ihu.

Da muka koma gida, dandali ya zama sinimar waɗanda ba su je ba. Mai ba da labari ya miƙe tsaye, ya yi bugun, ya yi ƙarar bugun da bakinsa, ya faɗi ya tashi. Yaro a Wagini ko Runka da bai taɓa ganin wutar lantarki ba ya san sunan Burusli da Wanyu kamar 'yan unguwarsu.

A shekarun 1980 bidiyo ya shigo, kuma shi ne ya kawo kallon har gida. Mai ɗan hali ya sayi talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta, ya kewaye fili da zana, ya ajiye yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi. Daga Katsina da Kano ake sayo kaset, wasu kuma ta Jibiya suke shigowa. Ranar kasuwa ita ce ranar ciniki, domin samarin ƙauyuka da na rugage kan tsaya su yi kallo kafin su kama hanya. Na sha ganin ɗan manomi da ɗan makiyayi a benci ɗaya, suna goyon bayan akta ɗaya. Wannan abin tunawa ne a yau.

Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suka fara raba masu kallo. Daga baya faifan sidi ya kori kaset, ƙwallon Turai ta mamaye gidajen kallo, sannan wayar hannu ta zo. Yanzu yaro kan biya a tura masa fim a waya, an ma fassara masa shi da Hausa, ya kalla shi kaɗai a ɗaki. Kallon taro da labarin dandali sun zama tarihi.

Abin Da Ya Ja Hankalin Samari

Dalili na farko shi ne, ƙasarmu ta riga ta san darajar jarumtaka. Mun tashi muna jin labarin Ɗanwaire, barden ƙasar Ruma na ƙarshen ƙarni na 19. Mun tashi muna ganin dambe da kokawa bayan an kawar da amfanin gona, da sharo a wajen Fulani, da wasan tauri, da fita farauta da rani. Mun ji yadda Ɗan'anace ya ɗaukaka Shago har sunansa ya zama ma'aunin ƙarfi. Mutumin da ya san naɗin hannu da tsayuwar ɗan dambe, ya san yadda ake auna abokin karo kafin a kai bugu, ba ya buƙatar a koya masa kallon Bruce Lee. Abin da ya zo mana sabo shi ne amfani da ƙafa da tsalle da saurin hannu. Masu dambe a cikinmu sukan zauna suna tattauna bugun fim kamar yadda manoma ke tattauna iri: wannan zai yiwu, wancan dabarar kyamara ce.

Na biyu, jaruman nan sun yi kama da mu. Kaboyi yana da doki da bindiga, jarumin Indiya yana da mota da gidan bene da budurwa. Jarumin Cainis kuwa siriri ne, talaka, sau da yawa maraya, ba shi da komai sai jikinsa. A The Big Boss, Bruce Lee ɗan ci-rani ne da ya je ƙasar Tailan aiki a masana'antar ƙanƙara, bayan ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai yi faɗa ba. Yana gani ana cin zalin 'yan'uwansa ma'aikata yana danne zuciya, har aka gano mai masana'antar miyagun ƙwayoyi yake ɓoyewa cikin ƙanƙarar, yana kashe duk wanda ya gano. A Way of the Dragon kuma baƙauye ne da ya sauka birnin Rum bai iya yaren ba, bai iya cin abincinsu ba, ana yi masa dariya, sai da rana ta ɓaci aka san ko shi wane ne. Duk wanda ya taɓa sauka tasha a Kano ko Legas da ƙunshin kayansa a ka ya san wannan hali.

Na uku, akwai zafin raini. Fist of Fury labari ne na birnin Shanghai a farkon ƙarni na 20, lokacin da baƙi ke juya ƙasar Sin yadda suka so. An kashe malamin jarumin da guba, abokan gaba suka kawo rubutun cin mutunci wurin zaman makoki suna kiran mutanen Sin marasa lafiya. Ya mayar masu da rubutun har makarantarsu, ya sa su cinye takardar. A wani wurin kuma ya tarar da allo a ƙofar lambu da ya hana karnuka da 'yan ƙasa shiga, ya yi tsalle ya farfasa shi. Iyayenmu da suka yi aikin tilas, suka biya haraji da jangali a ƙarƙashin Bature, sun san wannan ciwo, mu ma mun ji shi a bakinsu. Abin dariya a nan shi ne, mutanen Japan su ne abokan gaba a fim ɗin, kuma kareti wasansu ne, amma mu duk wani faɗan ƙafa kareti muke ce masa. Gaskiyar magana, kareti na Japan ne, takwando na Koriya, kungfu kuma na Sin.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne zaman ɗalibi da malami. Kusan kowane fim yana da sashen da jarumi ke shan kashi, ya gudu, ya sami wani tsoho, ya yi masa hidima, tsohon ya yi ta ba shi wahalar da bai ga amfaninta ba, sai daga baya ya gane ashe kowace wahala darasi ce. A Snake in the Eagle's Shadow, Jackie Chan maraya ne mai shara a wata makarantar faɗa, ya tausaya wa wani tsoho mabaraci, ashe babban malami ne. Wanda ya yi karatun allo, ya ɗebo wa malam ruwa da itace, ya yi masa noma, ya tashi da asuba a gaban wuta cikin hunturu, ya san wannan hanya tun kafin a haska masa ita a bango. Masana harshen Sin sun bayyana cewa kalmar kungfu a asalinta tana nufin duk wata ƙwarewa da mutum ya samu ta hanyar naci da tsawon lokaci. Maƙeri da ya shekara 30 a bakin maƙera yana da kungfu, haka ma gwanin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka.

Abin Da Iyaye Da Malamai Suka Ƙi

Ba zan ɓoye ba, sukar da aka yi wa wannan kallo tana da tushe. Yara sun saci kuɗin cefane, sun sayar da kajin iyayensu mata don kuɗin shiga. An bar sallar magariba da karatun dare. Malamai sun yi magana a kan sunkuyon da ake yi wa masta da gumakan da ake nunawa, domin Shaolin gidan ibada ne na mabiya addinin Buda, wanda aka gina a lardin Henan wajen shekara ta 495. Drunken Master kuwa ya nuna giya kamar tana ƙara ƙarfi, abin da hankali da addini duk suka ƙaryata. Ga kuma jigon ramuwar gayya, inda jini ke biyan jini ba alƙali ba sulhu.

A wata makaranta da na shugabanta a shekarun 1990, sai da na tara tulin sanduna a ofishina, irin waɗanda yara ke yi da ƙotar fartanya, su raba ta biyu su haɗa da sarƙar keke, suna juyawa kamar Bruce Lee. Yawancin raunin da ake samu, mai sandar ne ke fasa kansa da kansa. Wata rana wani yaro ɗan aji shida ya ɗora bulo a kan duwatsu biyu a gaban abokansa, ya kai masa sara da gefen hannu. Bulo bai ko tsage ba, hannu ya karye. Muka ɗauke shi zuwa wurin maɗori, mahaifinsa ya biyo mu yana faɗa, yana cewa boko ne ya haukata masa ɗa. Bayan ya warke na kira shi na tambaye shi shekara nawa jarumin da yake kwaikwayo ya yi yana horo kafin ya fasa bulo. Ya ce a fim ɗin bai fi minti goma ba. A wannan amsa na ga inda matsalar take. Fim yana taƙaita wahalar shekaru cikin 'yan mintoci, yaro kuma ya ɗauki bugun ya bar horon.

Hannu Da Bindiga

Masu shirya finafinan sun san iyakar ƙarfin hannu. Shi ya sa a Enter the Dragon aka kai labarin wani tsibiri da aka hana shiga da bindiga. Fist of Fury kuwa ya ƙare ne jarumi ya yi tsalle ya tunkari jerin masu bindiga, hoto ya tsaya cak, aka ji ƙarar harbi. Tarihin ƙasarsu ya koya masu haka. A 1900 dubban samari masu wasan faɗa suka tashi don korar baƙi daga ƙasar Sin, suna da imanin cewa asirinsu zai hana harsashi shiga jikinsu. Sojojin ƙasashe takwas suka haɗu suka murƙushe su. Shekara uku bayan haka, dawakai da takubban Kano da Sakkwato suka gamu da bindiga mai ruwa, kowa kuma ya san yadda aka ƙare.

Ban kawo wannan don nishaɗi ba. Kowa a cikinmu ya san abin da ya sami garuruwan da ke bakin dajin Rugu a shekarun nan: satar shanu, kisa, ɗaukar mutane don kuɗin fansa, gonaki da aka bari, ƙauyuka da suka watse, makarantu da aka rufe. A Satumbar 2021 har layukan waya aka katse a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi. A Oktobar 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, samarinmu da yawa suka shiga. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, yaron da ya tashi a wannan zamani gwarzon da yake gani shi ne mai rataye da bindiga a kan babur, wanda bai yi wa kowa hidima ba, bai durƙusa gaban wani malami ba, ya sami ƙarfinsa rana ɗaya. Mu namu gwarzon, duk da aibobinsa, sai da ya yi shara ya ɗebo ruwa, kuma malaminsa kan gargaɗe shi kada ya taɓa mai rauni. Ƙarfin da ba horo a bayansa shi ne yake cin ƙasarmu, ko a hannun wa yake.

Ɗaki Na 36

A fim ɗin 1978 da na ambata, Gordon Liu ya fito a matsayin San Te, ɗalibin da azzaluman mahukunta suka hallaka danginsa da abokan karatunsa. Ya tsere zuwa Shaolin da rauni a jikinsa, ya shekara yana shara kafin a fara koya masa komai. A gidan akwai ɗakunan horo 35. A wani sai ya tsallake ruwa a kan itatuwa masu yawo kafin ya sami abinci. A wani ya hau tudu da bokitan ruwa, an ɗaura masa wuƙaƙe a damatsa don kada ya sauke hannu. A wani ya yi ta buga ƙararrawa da doguwar gora mai nauyi a kai, har wuyan hannunsa ya yi ƙarfi. Da ya gama duka, aka ce ya zaɓi ɗakin da zai shugabanta. Sai ya roƙi a bar shi ya buɗe ɗaki na 36, wanda zai koyar da talakawan da ke wajen ganuwar gidan.

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, ku ne kuka bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, daga firamaren ƙauye zuwa sakandare, zuwa jami'a ko barikin soja ko kasuwar Kwari. Saura ɗaki na 36. Ina ba wannan ƙungiya shawara uku. Ta farko, a nemi fili a Batsari da wani a Safana, ko da filin makaranta ne, a ɗauki nauyin mai horar da yara wasannin motsa jiki da na kare kai, da sharaɗin ba a karɓar yaro sai yana zuwa makaranta, ta boko ko ta allo, kuma duk wanda ya daki wani a waje an sallame shi. Cikinmu akwai tsofaffin sojoji da 'yan sanda da malaman wasanni da suka yi ritaya, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, duk a Dutsin-Ma kusa da mu, inda za a iya neman shawara. Ta biyu, a duk inda tsaro ya ba da hali, a farfaɗo da kokawar kaka tsakanin unguwanni da ƙauyuka, da alƙalai da ƙa'ida da kyauta, a kuma gayyaci 'ya'yan manoma da na makiyaya. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wadda zakaranta ke ɗaukar takobi, kuma ɗansu Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo lambar azurfa a takwando a wasannin Olamfik na 2016. A nan Nijeriya ma Chika Chukwumerije ya ciyo tagulla a 2008. Babu abin da jikin yaransu ya fi na namu. Ta uku, duk wanda ya zo gida hutun salla ya ware sa'a ɗaya ya shiga makarantar da ta yaye shi, ya gaya wa yara shekara nawa ya yi yana wahala kafin ya zama abin da suke gani, domin motarsa kawai suke gani, ba su ga ɗakuna 35 da ya ratsa ba.

Kammalawa

Finafinan Cainis sun zo mana daga nesa, cikin harshen da ba mu ji, amma sun karɓu domin sun taɓo abubuwan da muka gada: son jarumtaka, ƙin zalunci, da girmama malami. Sun zo da illolinsu, kuma iyayen da suka yi faɗa a kansu ba su yi kuskure ba. Yaron nan da ya karya hannu, yau magidanci ne mai sana'ar gini, kuma duk lokacin da muka haɗu yakan ce mini, Malam, yanzu na san bulo. Shekara fiye da 20 ya yi yana koyon aikin.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya shirya mana zuriya, Ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai.